Mai Aski da Mataji a Baki

Mai askin layin nan bai san shiru ba. Ko jariri yake yi wa aski, sai ya ba shi labari. Da matarsa ta sha da ƙyar wajen haihuwa, ta dawo gida tana yawan firgita, likitar ƙwaƙwalwa ta ce masa, "Malam, ka bar ta ta yi magana."

Ya gwada, ya kasa, sai ya koma cije mataji in ta fara. Ran da ta kai ga labarin tiyatar, ta ɗago ta ga ƙato da mataji a baki, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta fashe da dariya, karon farko tun dawowarta.

Ya cire matajin zai yi bayani.

"Maigida, mayar," in ji ta. "Ban gama ba."