Jinin da Aka Kai da Sunan Jemimah

Duk macen da ta kwana biyu a Samaru ta san Jemimah mai kitso. Shekara ashirin da wani abu tana zaune gindin mangwaron gidanmu, kan mata a cinyarta, tun daga 'yan jami'a har matan unguwar Hanwa masu zuwa da mota. Da yatsun nan goma ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu, da su ta raini ƙanwarta Hephzibah, ta koya mata sana'ar. Ni ɗakina na kallon nasu, ba abin da ke wuce ni.

Ciwon da safe ya fara zuwa mata. Ta tashi hannu a sandare kamar busasshiyar kuɓewa, sai hantsi ya dubi ludayi yake saki. Aka ce sanyi ne. Ta sha saiwa, ta sha ƙaho wurin wanzami, gaɓoɓin dai sai kumbura suke, yatsu suna karkacewa.

Daga baya wata mai zuwa kitso, likita Oluwatoyin, ta kama hannun ta jujjuya. Ta ce suna wani bincike a asibiti, suna neman alamun da wannan ciwo ke bari cikin jini, don a riƙa gane shi da wuri. Ta rubuta mata takarda, ta ce ta je ranar Talata a ɗebi jininta.

Jemimah kuwa wanzami ya riga ya gaya mata jininta saura kaɗan. Ta ce ba mai ƙara taɓa mata ɗigo. Amma kunyar likitar take ji. Ina tankaɗe na ji tana cewa, "Hephzibah, uwa ɗaya uba ɗaya muke, jininki jinina ne. Karɓi takardar ki je."

Na ce, "Jemimah, yau kuma jini ya zama zanen aro?"

Ta ce, "Kaka, ki ji da garinki."

Na ji da garina. Masu ɗiban jinin ba su san fuskar kowa ba, takarda suke dubawa. Yarinya ta miƙa hannu, ta dawo har da tsarabar lemo daga unguwar PZ, suna ta dariya.

Bayan wata guda likitar ta zo da kanta, ta zauna kan tabarma, ba fara'a. Ta ce, "Yaya Jemimah, alamun sun fito a jininki, da ƙarfi ma. Ban yi mamaki ba. Wani lokaci sukan yi shekaru cikin jinin mutum yana yawonsa lafiya, kafin ya ji komai."

Hephzibah na bayanta tana yi wa wata kitson shuku. Na ga hannunta ya tsaya cak.

Na dubi Jemimah, ta dubi ƙasa. Likita ta rubuta magani ta tafi.

Yanzu Jemimah ba ta iya ko ɗaure ɗankwali, Hephzibah ce ke gindin mangwaron, bakuna biyar na jiran hannunta. Na ce su je su faɗi gaskiya tun da sauran lokaci. Babbar ta ce da wane ido za ta kalli likita. Ƙaramar ta ce ita lafiyarta ƙalau.

Jiya da safe kibiyar tsaga ta suɓuce wa Hephzibah. Ta ɗauka, ta sake faɗuwa. Ta ga ina kallo, ta tura hannun cikin zane.

Ta ce, "Sanyi ne, Kaka."

Muna tsakiyar bazara, ko kaji bakinsu a buɗe yake.