Fayil Mai Suna Ƙarewa

Makarantar horar da ma'aikatan lafiya ce ta ba ni aikin: in shirya darussa takwas da Hausa don ungozomomi, kan alamomin haɗari ga mai ciki, waɗanda za su iya karantawa a waya. A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata a Fagge, ban taɓa yin irin wannan aiki ba, amma na ce zan iya.

Makarantar horarwar tana da manhaja da ke riƙe da sunan kowace ɗaliba. Sharaɗinsu shi ne darasina ya bi ƙa'idar da irin waɗannan manhajoji ke bi a ko'ina, wato ya riƙa gaya wa manhajar wa ya buɗe shi, ina ya tsaya, maki nawa ya ci, kuma ya gama ko bai gama ba. Sai manhajar ta ga an gama sannan satifiket ke fitowa. Na yi wata biyu ina aikin. A kwamfutata komai na tafiya sumul. Na ɗaure fayilolin a ƙunshi ɗaya na miƙa, aka ɗora a manhajar, na koma harkokina.

Ranar wata Asabar da hantsi aka yi sallama a gidanmu. Wata dattijuwa ce, ungozoma daga Kwaciri, an ce mata a nan mai darasin take. Ko ruwan da na kawo ba ta sha ba, ta miƙo min waya.

"'Yata, sau uku ina yin abin nan daga farko har ƙarshe. Ya ce min barka, kin gama. Na je makaranta sun ce ban gama ba. Shekara talatin ina karɓar haihuwa, yau waya ce za ta mai da ni maƙaryaciya?"

Na duba. Gaskiyarta ne: shafin ƙarshe na cewa barka, amma a jerin makarantar sunanta na nan a cikin waɗanda ba su gama ba. Na kira ofishin, suka ce ai ba ita kaɗai ba ce, babu ko mutum ɗaya da ya gama. Sun ɗauka lalaci ne irin na ɗalibai.

"Inna, laifina ne, ba naki ba," na ce. "Ki ba ni mako ɗaya."

Kwana uku ina tona fayilolin ban ga komai ba. Sai wata abokiyar aikina ta kwatanta min wani mutum a Sabon Gari, Bayarabe haifaffen nan, mai ofis a saman wani shagon kayan mota, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanoni irin wannan aiki. Na same shi da farin gashi da tabarau a goshi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Yana da manhajar gwaji da ke nuna duk saƙon da darasi ya aika. Ya ɗora nawa muka bi shi shafi shafi. Saƙon buɗewa ya tafi, na maki ya tafi. Muka kai ƙarshe, shiru.

"Malama, darasinki yana gaisuwa amma ba ya sallama," ya ce. "Ina fayil ɗin da ke aika saƙon gamawa?"

Na nuna masa a kwamfutata. Ya buɗe ya karanta layi layi, ya ce babu kuskure. Ya sake karantawa. Ya yi waya da wani abokinsa a Legas, suka yi ta Yarabanci, ya ajiye wayar yana girgiza kai.

Ni kuwa ina zaune ina kallon allon kwamfutarsa, inda manhajar gwajin ta jera sunayen fayilolin bayan ta kwance ƙunshin. Can ƙasa na ga wani suna da ya fara da wasu alamomi marasa kan gado, sannan "arewa". Ban taɓa sa wa fayil suna arewa ba. Na sake dubawa. Ƙarewa ne. Ni na sa masa sunan, da ƙ mai lanƙwasa, yadda aka koya mana rubutu. Kwamfutata ta san harafin, na'urar makarantar kuwa, kamar tasa, ta dagula shi, don haka duk lokacin da shafin ƙarshe ya nemi fayil ɗin ba ya samunsa.

"Baba, ga shi nan!" na ce da ƙarfi, har na ture kofin shayinsa.

Ya sauko da tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya. Ya ce shi da ya karanta sunan sau goma a kwamfutata, k kawai yake gani. Na sauya sunan da haruffa marasa lanƙwasa, na gyara wurare biyun da ke kiransa, muka sake ɗorawa. Na bi darasin da gudu. Saƙon gamawa ya fito a allonsa.

Sai ya ba ni shawara in cire duk haruffa masu lanƙwasa daga cikin darussan ma, in huta. Na ce a'a. Darasi na huɗu kan ɓari yake, in na cire lanƙwasar ya zama bari. A na shida akwai ƙashi, shi kuma ba sai na faɗa masa abin da zai zama ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sallama. Ya nuna min layi ɗaya da zan sa a kan kowane shafi don haruffan su fito daidai a kowace waya. A sunayen fayiloli kaɗai na haƙura.

Ranar Alhamis makarantar ta ɗora sabon ƙunshin. Na tafi Kwaciri da kaina na nemo gidan Inna. Ta ce ba za ta sake yin darasin karo na huɗu ba. Na ce shafin ƙarshe kaɗai za ta buɗe, don manhajar ta riƙe makinta. Ta danna da yatsa ɗaya, tana harararta. Satifiket ya fito da sunanta, ita ce ta farko a duk makarantar.

Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta sa na karanta mata rubutun da ke jikinsa sau biyu, sannan ta ja mayafi ta ce in tashi mu je Sabon Gari a buga mata shi a takarda mai kauri.