Shetu Mai Koko da Minsharin Atikatu

Duk wanda ya yi sammako a tashar motar Salaga, 'yan shekaru bayan Gana ta sami 'yancin kai, ya san Shetu mai koko. Mace ce mai fara'a, amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: autarta Atikatu ta ƙi girma.

Yarinyar ta kai shekara tara, amma in ka gan ta sai ka ce 'yar biyar ce. Kullum bakinta a buɗe. In ta kwanta, minsharinta har maƙwabta, can numfashin ya ɗauke, ta zabura kamar an shaƙe ta. Da rana kuwa gyangyaɗi take yi a gindin tukunyar koko. Wanzami ya cire mata beli, ba ta sake zani ba.

Shetu ta kai ta Yendi wurin yayanta, Malam Idirisu, ya yi mata addu'a. Bayan azahar yarinyar ta ɓingire da barci a kan buzunsa, ya zauna yana saurare.

"Shetu, addu'a za mu yi," in ji shi, "amma wani abu ne ya tare mata hanyar iska. Na ji fatake suna yabon wani likita a Bawku."

"Yaya, ban san kowa a can ba."

"Mai tambaya ba ya ɓata."

A kan lodin doya na wata mota suka tafi Bawku, Shetu rungume da 'yarta. Likitan ya haska maƙogwaron yarinyar, ya kira uwar ta leƙa. Nama ne ya kumbura dama da hagu, saura ƙiris ya haɗe, ga wani kuma a bayan hanci.

"Mama, cikin barci mai nauyi yaro yake girma," in ji shi. "Lokacin ne jiki ke sakin abin da ke miƙa ƙashi. Ita kuwa da barcin ya fara nauyi sai naman nan ya tashe ta. Ki yarda mu cire."

Shetu ta ce, "Bismillah, likita."

Kwanaki kaɗan bayan aikin, da hantsi, Atikatu ta yi barci shiru, baki a rufe. Shetu ta tsorata, ta kai yatsa ƙofar hancinta. Iska mai ɗumi tana fita a hankali. Sai ta zame ƙasa tana kukan murna.

Suka koma Salaga. Yarinyar da a da sai an lallashe ta take cin loma biyu, ta koma neman ƙarin tuwo. Ta fara tsere da sa'o'inta zuwa rijiya, har tana riga su.

Da sallar layya ta zagayo, Shetu ta kai wa Mutala tela atamfa daidai awon bara. Ya gwada yarinyar, ya sake gwadawa.

"Mma Shetu, wannan ko gwiwarta ba za ta rufe ba!"

Shetu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, har masu doya suka miƙe suna tambayar wa ya haihu.