Taku Ɗari Uku Daga Tsagaggen Dutse

Rijiya ɗari biyu da goma sha huɗu Baba Isyaku ya haƙa tsakanin Gyadi-Gyadi, Tarauni, Darmanawa da Daurawa. Ba shi ya ƙirga ba, ni na ƙirga. Na zaunar da shi wata ranar Lahadi yana kiran sunayen gidaje ina jan layi a bayan buhun siminti. Ni Junaidu sana'ata buga bulo da zoben rijiya a Tarauni, kuma ba na iya ganin abu ban san adadinsa ba. Shi ya sa Baba yake ce mini Sarkin Lissafi.

Shi ma yana da nasa lissafin, amma da ƙafa yake yi. Duk gidan da aka kira shi, kafin ya taɓa diga sai ya taka daga masai zuwa inda za a haƙa. In tazarar ba ta yi masa ba, ko mai gida ya yi rantsuwa ba zai sara ƙasa ba. Wata rana muna tahowa daga ƙofar gidan da yake haya a Gyadi-Gyadi zuwa tsohuwar tsamiyar da ke kusa da wurin aikina, ya ce, "Nan zuwa can taku dubu biyu ne cif. Shekarar da na zo garin nan na auna." Washegari na bi bayansa ina ƙirgawa a zuci. Dubu biyu da ɗari shida na samu. Na ce a raina tsoho ya manta, na ja bakina.

Baba ba ɗan Kano ba ne. Mutumin Shirwa ne, wani ƙauye a kudu wanda ruwan dam ɗin Tiga ya shanye. In ya fara labarin garin nan, shayinsa hucewa yake yi. Kakanninsa maharba ne, a ƙololuwar Dutsen Shirwa suke zaune saboda tsoron mahara, ƙasa kuwa daji ne baƙi ƙirin, ɓauna da gwanki da kura. Da zaman lafiya ya samu sai aka so saukowa, amma babu ruwa a gindin dutsen, kogi kuma da nisa. Mahaifinsa ne ya ɗauki diga. Rani uku yana fama da fa, ana ce masa mahaukaci, har ranar da ruwa ya ɓulɓulo. Gida goma sha ɗaya suka sauko a shekarar. Daga baya Fulani suka kafa ruga, maƙera suka ƙaru, masaƙa suka biyo. Ranar da aka ce a tashi, gida sittin da uku ne.

Sa'ar da aka zo rubuta mutanen da za a mayar sabon matsuguni, mahaifinsa ya riga ya rasu, shi kuma yana can wani gari a cikin rami yana wa mutane haƙa. Ya dawo ya tarar an rufe takarda. Ya ɗauko digarsa da matarsa Inna Uwani, suka shigo Kano. Shekara ashirin da biyar ke nan yana ba mutane ruwa, shi ko taku ɗaya na ƙasa bai mallaka ba.

A watan Mayun 1999 gari ya ɗauki zancen sojoji za su koma bariki, kowane teburin mai shayi ya zama majalisa. Baba kuwa gwiwa ta fara ƙin shiga rami. Ranar Laraba sai ga wani direba ɗan garinsu da labari: zaɓaɓɓen kansilansu ya sa an kafa kwamiti, za a raba gonakin bakin tafki ga 'yan asalin Shirwa, kuma ranar Juma'a za a rufe sunaye. Sharaɗi ɗaya ne, takarda ko shaida.

Na same shi a soro ya yi tagumi.

"Baba, shaidarka wa?"

"Duk suna ƙiyama. Sai rijiya."

"To ai shi ke nan! Yanzu ƙarshen rani ne, ruwa ya ja baya. Jibi da sassafe a-kori-kurata tana ƙofar gidan nan."

Inna Uwani ta leƙo daga bayan labule. "Junaidu, in ka jefa mini tsoho a tafki, kai za ka riƙa cin tuwon."

"Inna, malmala nawa yake ci?"

"Ji shi! Har tuwon ma sai ka ƙirga?"

Juma'a muka ɗauki hanyar Zariya. Ramuka tamanin da bakwai na ƙirga kafin mu sauka daga kwalta, shingen duba motoci huɗu. Baba yana gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu, tun daga nesa ya hango dutsen ya fara dukan gilashi. "Ga shi can! Ga Shirwa!" Ni ma na kai duba. Ruwa shimfiɗe iya ganinka, shuɗi, dutsen a tsakiya kamar an kifa ƙwarya, belbelu sun yi masa fari a gefe.

Magatakardan kwamitin, Malam Shehu, malamin firamare ne ɗan kimanin shekara talatin da biyar, cikin farar shadda ta zuwa masallaci. Ya saurari Baba da ladabi, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mutum ɗari da tara suka zo mini, kowa ubansa ne ya kafa Shirwa."

Na ce, "Malam, rubuta abin da zai faɗa tun muna nan, kafin kowa ya ga komai. In ya saɓa, mu muka yi ƙarya."

Baba ya faɗa, Malam Shehu ya rubuta: daga tsagaggen dutsen da ke gindin tsauni, a fuskanci gabas, taku ɗari uku. Bakin rijiya duwatsu bakwai. Na gabas yana da sawun igiya goma sha ɗaya, don kowane gida na farko da inda yake jan gugansa.

Wani masunci ya tsallakar da mu a kwale-kwale, har da Malam Shehu. Tsagaggen dutsen yana nan yadda aka faɗa. Baba ya tuɓe takalmi, ya yi bismilla, ya fara takawa a kan busasshen taɓo, ina gefensa ina ƙirgawa da ƙarfi. Ɗari. Ɗari biyu. A ɗari uku ya tsaya ya caka sanda. Laka. Ya caka dama, ya caka hagu, muka tona da hannu, muka zagaya wurin sau uku. Ko tsakuwa babu. Gabanmu kaɗan ruwa ya fara.

Malam Shehu ya duba agogo. "Ƙarfe goma sha biyu saura. Bayan Juma'a zan miƙa takarda."

Baba ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin sa haka ba. "Ɗari uku ne, Junaidu. Wallahi ɗari uku ne. Ranar da zan bar garin nan na taka shi, don kada ya ɓace mini."

Na tsaya ina kallon sawun ƙafarsa a kan taɓon, 'yan gajeru, kusa da juna. Sai tsamiyar Tarauni ta faɗo mini.

"Baba! Shekarar da ka auna wannan, ita ce shekarar da ka auna hanyar tsamiya?"

"Ita ce. Me ya kawo tsamiya nan?"

"Dubu biyu ka ce, ni dubu biyu da ɗari shida na ƙirga maka! Ba mantuwa ka yi ba, takunka ne ya gajarce! Kowane ɗari na da, yanzu ɗari da talatin ne. Saura taku casa'in, tashi!"

"Wato bin bayana kake kana ƙirga ni kamar akuya?"

"Baba, ka zage ni a mota. Tashi!"

Ya tashi. A taku na arba'in muka shiga ruwa, a na saba'in ya kai mana gwiwa. Malam Shehu yana baya ya tattare shadda yana cewa a yi a hankali. Tamanin da biyar, tamanin da shida. A tamanin da takwas sanda ta ce ƙwas.

Na yi ihun da ya tashi belbelun. Ramin ya cike da laka, amma bakin yana nan. Na bi shi da tafin ƙafa: duwatsu bakwai. Baba ya durƙusa har ruwa ya kai masa ƙirji, ya lalubo dutsen gabas. Sannan ya ɗago.

"Malam, zo ka sa hannunka. Kada a ce mu muka ƙirga."

Malam Shehu ya dubi shaddarsa, ya dubi tsohon, ya miƙa wa masunci takardar, ya tsuguna. Yana shafawa yana ƙirgawa, Baba yana kiran sunan mai kowane sawu. A na shida Baba ya ce, "Wannan mai zurfin na Audu Maƙeri ne. Guga biyu yake ɗaurawa a igiya ɗaya, don rowar lokaci."

Malam Shehu ya tsaya cak. "Kakana ne."

"To ka gaya wa gidanku sun cinye mana dutse."

Goma sha ɗaya cif. A cikin kwale-kwalen ya rubuta sunan, hannunsa yana ɗiga, lamba ta hamsin da biyu. Da jiƙaƙƙun kaya muka yi sallar Juma'a a sahun baya, mu uku.

Ranar Asabar, rediyon motata yana kawo bikin miƙa mulki, mu muna bakin tafki ana nuna wa Baba gonarsa. Bai saurari ko kalma ɗaya ba. Ya tuɓe takalmi ya tsaya a kan iyaka.

"Sarkin Lissafi, zo ka ƙirga mini tsawonta. Da takun yanzu za ka faɗa wa Uwani, ya fi yawa."

Ɗari biyu da takwas na samu.