Katakon Bai Amsa Ba, Baba

Kullum kafin hantsi ya ɗaga, Baba Hezekiah ya riga ya fito rumfar da ke bayan ɗakinsa, a gidan hayar da muke zaune tare a nan Anka. Yakan fara da share ɓawon katakon jiya, ya tara a kwando ya ajiye wa Innata don hura wutar ƙosai. Sai ya wanke hannu, ya sauko da siraran allunan da ya jera a ƙarƙashin kwano suna bushewa. Ɗaya bayan ɗaya yake riƙe su da yatsa biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Shi sallama yake kiran wannan ƙwanƙwasawar. In katako ya ba da murya mai tsawo, sai ya ce, "Ya amsa." In ya ji wani ɗan "kwaf" da ya mutu nan take, sai ya ce, "Ba kowa a gidan nan, a yi benci da shi."

Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Asabar mai zuwa zai bar Anka, shi da matarsa Mama Veronica, su koma Kafanchan wurin 'yarsu Abigail. An ce in tashi in yi magana a taron ban kwana. Duk wanda ya san ni ya san ba zan iya ba, shi ya sa na rubuta.

Kafinta ne. Mutanen gari sun fi saninsa da ƙofa da taga da bencin makaranta. Amma abin da zuciyarsa take so shi ne jita, wadda yake yi da hannu daga farko har ƙarshe, ba inji. Bayanta da gefenta na maɗaci ne. Fuskarta kuwa, wato allon saman da ke ba da murya, daga tsofaffin akwatunan da ake sako injuna daga waje yake cirowa, don ya ce farin katakon nan ya sha tafiya, ya bushe, ya yi haƙuri. Yakan lanƙwasa gefen a jikin bututun ƙarfe da ya cika da garwashi, ya ɗaure da robar cikin tayar babur har gam ya kama. Ɗan ƙashin da wayoyi ke hawa kai, daga mahauta yake samo shi. A shekara bai wuce ya yi huɗu ko biyar ba. Daga coci-cocin Gusau da Gummi da Zuru ake zuwa ɗauka. Masu gurmi da kuntigi ma, in abinsu ya tsage, nan suke kawowa, su zauna a bencinsa suna tsokanarsa wai kayan kiɗansa ya cika ƙiba.

Akwai abin da ba ya son a faɗa, amma matan ƙauyukanmu sun gani. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kwashe yara a Dareta, iyaye mata suka cika Anka da 'ya'yansu suna karɓar magani. Wasu yaran sun rayu amma wuyansu ya daina riƙe kai, ba sa iya zama. Baba ya ajiye jita wata biyar. Ya riƙa yin ƙananan kujeru masu jingina da maɗauri, daidai jikin kowane yaro, don uwa ta samu ta sauke shi ta yi salla ko ta ci abinci. Inna ta ce da igiya yake zuwa ya auna bayan yaro, kashegari ya aiko da kujera. Har yau akwai gidajen da ake amfani da su.

Ni ma 'yar Dareta ce. Sunana Muhsina. Ina da shekara biyar a lokacin. Wana Lirwanu da ƙanwata Aisatu sun rasu a mako guda. Ni na tashi, amma kaina bai tashi duka ba. A makaranta in malam ya yi tambaya, kafin amsar ta iso bakina an wuce. Yara suka sa mini suna Bebiya. A aji huɗu na daina zuwa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna Hure ta dawo da ni cikin gari, Allah ya haɗa mu gida ɗaya da su Baba.

Ina da shekara goma sha huɗu, kullum ina zaune bayan randa ina kallonsa. Wata safiya yana sallamarsa ga alluna, ya ƙwanƙwasa ɗaya, ban san na ɗaga kai ba. Ya ƙwanƙwasa wani, na sunkuyar. Ya koma na farko, na sake ɗagawa.

"Veronica," ya ce, "zo ki gani. Yarinyar nan tana da kunne."

Mama ta leƙo daga kicin. "Kunne biyu ma. Kai dai kana neman wanda zai taya ka hauka."

A ranar ya nemi izinin Inna. Da maƙwabta suka fara magana, wai ɗiyar Musulmi tana sassaƙa kayan kiɗa, Inna ta ce musu, "Katako take gogewa, ba rawa take ba. Sa'adda take zaune bakin murhu kamar turmi, wa yaz zo ya tambayi lahiyatta?" Shi kuwa Baba, da ya ji kiran salla zai ce, "Ɗiyata, aje, je ki yi salla. Gam ba ya gudu."

Baba, kai ne mutum na farko da ya yi mini tambaya ya tsaya ya jira amsa. Wani lokacin sai ka gama goge wuyan jita guda kafin in buɗe baki, kuma ba ka taɓa cewa in yi sauri ba. Wata shida ina goge katako kawai. Shekara guda kafin ka bar ni in taɓa kurfi, ƙarfen feƙe katako. Da na fasa maka gefen maɗaci har uku a jikin bututu, dariya ka yi ka ce wutar Inna ta samu itace mai tsada. Kai ka koya mini ƙananan sandunan da ake mannawa a bayan fuska, waɗanda kake kira haƙarƙari. Ka ce in sun yi kauri jita ba ta magana, in sun yi siriri ta karye, kuma ba ma'aunin da zai gaya maka tsakiya sai kunne.

Daminar bara zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Baba mako biyu. Ya tashi, amma jinsa ya tafi. Bai faɗa wa kowa ba. Mu ma mun gane, ba mu faɗa ba. Mama ta riƙa tsayawa gabansa in za ta yi magana. Ni kuwa na ga yana ƙwanƙwasa allo, ya daɗe, ya juya ɗaya kunnen, ya sake.

A lokacin muna yi wa Malam Raphael jita, shugaban mawaƙan wata coci a Gummi. Baba ya gama feƙe haƙarƙari, ya yi sallama ga fuskar. Na ji "kwaf". Ya dube ni ya ce, "Ya amsa ko?"

Na san bai amsa ba. Amma a gidanmu an koya mini ƙaramin mutum ba ya gaya wa babba ya yi kuskure. Kuma in na ce a'a, kamar na ce masa kurma ne a gaban idonsa. Na sunkuyar da kai na ce, "I, Baba." Ya ga bakina, ya yi murmushi, ya ɗauko gam. Muka rufe jitar.

Bayan wata biyu Malam Raphael ya biyo motar kasuwa daga Gummi, duk da halin da hanya take ciki, da jitar a naɗe cikin zane. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya daɗe yana tambayar gida kafin ya kai ga magana.

"Baba, ka yi haƙuri. Mun kaɗa ta ranar Lahadi, na benci na uku bai ji ta ba. Yaran mawaƙa har sun sa mata suna Bebiya."

"Na'am?" in ji Baba.

Sai da Malam Raphael ya sake faɗa da ƙarfi, har masu sayen ƙosai a ƙofar gida suka ji. A shekara talatin da takwas ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Da baƙon ya tafi, Baba ya zauna da jitar a cinyarsa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ɗiyata, rannan da na tambaye ki, mi kinka ji?"

Na faɗa a hankali. Bai ji ba. Sai na girgiza kai.

"Kin ji bai amsa ba, kinka ce mini i?"

Hawaye suka zubo mini.

"Ba laifinki ke kaɗai ba ne," ya ce. "Ni na ɓoye kunnena, ke kin ɓoye bakinki. Ga shi jita ta tona mu duka biyu."

Mako uku bai buɗe rumfa ba. Inna ta koma sayen itacen hura wuta. A cikin kwanakin nan ne Abigail ta yi waya ta ce su tattara su dawo gida haka nan, ga tsufa, ga ciwo, ga hanyoyi ba lafiya. Mama ta yarda. Baba ya ce ya ji, amma ba zai bar Anka ba alhali Bebiya ce aikinsa na ƙarshe. Allo ɗaya ya rage daga tsohon akwati. In ya lalace, ba wani.

Ya kira ni ya ce, "Hannu nawa ne, kunne naki. In kinka sake jin kunyata, mun tashi a banza."

Muka fara sabuwar jita. Shi yana feƙe haƙarƙari da kurfi, ni ina ƙwanƙwasawa. A rana ta uku da hantsi ya shafa su da yatsa, ya ce, "Ya isa," ya miƙa hannu wurin gwangwanin gam. Na yi sallama ga allon. Akwai murya, amma gajera ce, kamar ta wanda aka toshe wa baki. Na ce, "Baba, da saura." Bai juyo ba. Na sake faɗa. Ya buɗe gwangwani, ya tsoma buroshi.

Ban taɓa ɗaga murya ba tun da na yi wayo. Ban san ina da ita ba.

"KATAKON BAI AMSA BA, BABA!"

Kaji suka watse. Inna ta rugo da tsinken tsamo ƙosai a hannu.

"Ke Muhsina! Wa kike yi ma tsawa haka? Tsohon mutane? Haka nik koya miki?"

Mama Veronica ta fito, ta dube ni, ta dubi mijinta, sai ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gyale. Ban san dariya take ko kuka ba.

Baba ya ajiye buroshi a hankali. "Bar ta, Innar Muhsina. Shekara shida nake jiran muryar nan. Sai da na kurumce ta zo." Ya juya kurfin ya miƙo mini ta wajen ƙota. "To nuna mini inda ya yi kauri."

Na rage haƙarƙari biyu na ƙasa, kaɗan-kaɗan, ina ƙwanƙwasawa. Can sai allon ya buɗe baki. Muryar ta fito ta daɗe a cikin rumfar. Inna ma ta ji, don ta ce, "A'a!"

Wata guda bayan haka muka ɗaura wayoyi. Baba ya ce in kaɗa. Na kaɗa, ya matso da kunnensa har ya taɓa katakon. Ba komai. Sai wannan dattijo, mai furfura, ya sunkuya ya ciji kan jitar da haƙoransa, ya lumshe ido, ya yi mini alama in sake. Na sake. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya cika.

"Ina jin motsinta a ƙashina," ya ce. "Amma ke ce za ki faɗa. Ta amsa?"

"Ta amsa, Baba."

Malam Raphael ya zo ya ɗauka. Ya aiko da saƙo cewa har masu tsayuwa a waje suna jin ta. Gari guda ya ji jitar nan, ban da wanda ya yi ta.

Baba ya bar mini rumfa da zarto da kurfi da bututun lanƙwasa. Allunan ne dai babu, sai na nemo nawa. Bebiya kuwa, jitar da aka dawo masa da ita, ya ce da ita zai tafi. "Mun dace," in ji shi. "Ita ba ta faɗa, ni ba na ji. Ba za mu yi faɗa ba."

Baba Hezekiah, mai haƙurin jiran amsa, na gode. Na gode a madadin matan da suka sauke 'ya'yansu a kujerunka suka miƙe bayansu. Na gode da ba ka taɓa kirana da sunan da aka sa mini ba. Ka yafe mini "i" ɗin da na ce maka. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba ka sauƙi, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu sana'a a Anka da Bukkuyum da Gummi, akwai irina da yawa. Mun girma yanzu, muna zaune bayan randa a gidajenku, ana cewa dalma ta gama da mu. Ku miƙa wa ɗaya daga cikinmu abin aiki. Ku yi masa tambaya, sannan ku jira.

Baba, na san ranar taro ko an karanta wannan ba za ka ji ba. Don haka na sake kwafe shi da manyan baƙaƙe, na sa a cikin Bebiya ta ramin fuskarta. In ka isa Kafanchan ka girgiza ta, takardar za ta faɗo. Shekara shida kana yi mini sallama. Na amsa.