Gaisuwar Baba Modu da Hamma Sali ya ƙi gogewa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sali. Har yanzu in na zauna bakin kogin Binuwai da la'asar, ruwa na tafiya kamar ba ya so, sai in ga kamar zai ɓullo daga kan gada da jakar kwamfutarsa, yana mitar zafin Garoua.

Shi ya buɗe zauren imel na masu gyaran famfon sola a arewacin Kamaru. Mutum ya rubuta matsalarsa, saƙon ya je wa kowa, wanda ya sani ya amsa. Hamma ke riƙe da ƙofa: shi ke shigar da mutum, shi ke iya fitar da shi.

Rigimar da ba na mantawa a kan Baba Modu ce, wani dattijon makaniki a Mora. Baba bai iya tambaya kai tsaye ba. Sai ya gaida mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tambayi iyali da gajiya, can ƙasa ya ce famfo ya ƙi tashi. Wasu injiniyoyi, masu ji da Faransanci, suka ce wannan ɓata lokaci ne, a cire shi. Alhali lokacin hanyar Mora ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, zauren ne kaɗai inda Baba ke samun mai ba shi shawara.

Aka yi makonni ana kai ruwa rana. Wasu na cewa a kafa doka, wasu na cewa a yi ƙuri'a. Hamma, wanda ko cinikin tumatir ba ya yi da gaggawa, ya rubuta musu: "Ku nuna mini famfo ɗaya da ya kwana a lalace saboda gaisuwar Baba. In kun kawo, da hannuna zan cire shi." Ba wanda ya kawo. Biyu daga cikinsu suka yi fushi suka fita, kuma Hamma ya ji zafin fitarsu ƙwarai.

Yau ƙofar tana hannuna. A zamanin nan ana korar mutum daga zaurukan hira na waya kafin ya gama rubuta amsa, kuma nakan tambayi kaina me Hamma zai ce. Ina jin zai ƙara shayi ne, ya tambaya wa aka cuta. Wannan tambayar ce na gada daga gare shi, ta fi kwamfutar da ya bari amfani.

Ina kewarsa, ba kaɗan ba. Baba Modu ya tsufa, amma yana rubutowa, kuma har yau da sunan Hamma yake fara gaisuwa. Ba mantuwa ba ce, da shi aka kai Hamma makwancinsa. Matasan zauren sun ce in yi masa magana. Ban yi ba. In saƙon ya shigo, nakan amsa a madadin yayana: "Lafiya lau, Baba. Yaya Mora?"