Kaset ɗin Kaka da kujerar sanata

Tun da na yi wayo Baba bai taɓa jefa ƙuri'a ba, don duk zaɓen da aka yi a Najeriya muna Madina aka yi shi, kuma ba a kawo akwati nan. Amma in ka bi ta ƙarƙashin tagar gidanmu a unguwar Ƙurban ranar Alhamis da la'asar, sai ka ɗauka a falonmu ake rantsar da sanata.

Baba mai haɗa magani ne a wani asibiti, kowa Dakta yake ce masa. Abokin musunsa injiniyan ruwa ne da ke zaune a unguwar Aƙiƙ, muna kiran sa Baffa Injiniya. Mazaɓar sanatansu ɗaya a gida, sai dai Baba ɗan hayin kogi ne, Baffa kuwa ɗan garin tashar jirgin ƙasa. Tarihin kujerar nan na haddace shi ba da son raina ba, daga bayan ƙofa, ina riƙe da tiren shayi. A jamhuriya ta biyu ɗan garin tasha ne ya tafi majalisa. A farkon shekarun casa'in ɗan hayin kogi ya samu, bai gama zama ba sojoji suka kore su. Da sojoji suka koma bariki, garin tasha ya sake ɗauka. Ni kogin ma sau ɗaya na taɓa ganin sa, ta tagar mota, ina gyangyaɗi.

"Wannan karon tamu ce, ko ana so ko ba a so," in ji Baba.

"Haba Dakta, ai kun taɓa ci."

"Wannan ci ne? A ajiye maka tuwo, a ɗauke kwanon kana wankin hannu?"

"To wa ya ce ka daɗe wajen wankin hannu?"

Da a musu ya tsaya da sauƙi. Amma da zaɓe ya ƙarato, Baba ya koma aika kaset. A lokacin haka muke gaisawa da gida: a ɗauki murya a rakoda, a ba mai Umara ya kai, dangi su taru a ƙofar gida su saurara. Wani ya gaya wa Baba cewa maganar da ta fito daga Madina ba a musa ta a hayin kogi, shi kenan muka shiga uku. Ya yi tari, a sake. Motar gas ta yi hon a titi, a sake. Sababbin kaset suka ƙare, ya cinye na wa'azin Umma, ya cinye na waƙoƙin makarantarmu, kowanne da tarihin nan tun daga jamhuriya ta biyu.

Ni kuwa ina da guda ɗaya da nake tsoron kada ya kai gare shi. Kakata, mahaifiyar Baba, ta aiko mini shi kafin ta rasu, kuma ba mu da wata muryarta sai wannan. Sunanta na ci, don haka da "takwarata" take farawa, ta yi mini addu'a doguwa, ta tambaya ko har yanzu ina nan kamar tsinke. Can tsakiya ta manta rakoda na tafiya, ta shiga faɗa da akuyar da ke cin dawar da ta shanya. Ana jin daka a nesa, da ƙarar awarwaronta duk sa'ad da ta ɗaga hannu. In na dawo makaranta nakan saurara tun ban cire rigar makaranta ba.

Da na iya buɗe baki na ce, "Baba, wannan kada a taɓa," da magana ta ƙare. Amma ni ko malama ta kira sunana a aji sai muryata ta maƙale. Sai na yi irin tawa dabarar: na karya 'yan kunnuwan nan na saman kaset da ke hana a ɗauki wani abu a kansa, na sa shi cikin kwalin darasin Turanci na aji huɗu, wanda na tabbata ba mai nema.

Wata Alhamis wani Alhaji ɗan hayin kogi ya zo sallama, motarsu za ta tashi zuwa Jidda bayan magariba, su hau jirgin gida. Baffa Injiniya ma yana nan. Baba ya gangara baƙala, ɗan kantin unguwa, neman sabon kaset, ya tarar an rufe don salla, ya hawo yana huci. Ina kicin ina jera kofuna na ji shi yana jan aljihun teburina.

"Umma," na ce a hankali, "Baba yana ɗakina."

"To ɗakin naki ba a gidansa yake ba? Yalla, kai musu shayi kada ya huce."

Shekarar ce aka hana ni shiga falo in akwai maza. Sai dai in ƙwanƙwasa, in ajiye tire a bakin ƙofa, in juya. Na ƙwanƙwasa. Ba wanda ya ji.

"Ya ƙi dannuwa," na ji Baba ya ce. "Tsohon darasin yarinyar nan ne, ban san me ta yi masa ba."

"Kawo nan, Dakta. Ku 'yan hayi komai sai mun yi muku. Kunnensa aka karya, ba ni salatif. Amma da sharaɗi, in ka gama ni ma zan faɗi nawa a ciki."

Na ji ƙarar yagar salatif. Na ji maɓallin ya shige, ƙwas. Baba ya gyara murya, ya yi sallama ga dattawan hayin kogi, ya kama hanya: tun jamhuriya ta biyu. Ina tsaye riƙe da tire, ina lissafin inda aka kai a raina. Yanzu ya shafe "takwarata". Yanzu yana cikin addu'ar. Baffa ya katse shi, suka yi ta ja-in-ja kan ko wanda sojoji suka kora ya cancanci a ƙirga shi, kaset na ta juyawa. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni, nasu da nawa, don na daɗe a tsaye a wurin ina jiran wani ya lura da ni.

Ban san sa'ad da na tura ƙofar da ƙafa ba. Na dire tiren, shayi ya fantsama kan kafet, na tsallake ƙafafun Alhaji na danna maɓallin tsayarwa.

"Ke! Lafiyarki?" in ji Baba.

Hausar ta gudu ta bar ni. "Hada sharit Kaka!" na ce da Larabci. Sannan na sake, ƙasa-ƙasa, "Na Kaka ne, Baba."

Ya dube ni, ya dubi kwalin. Ya danna na saurare. Muryar Kaka ta cika falon, tana tsakar cewa, "...ku kore ta mana, kuna kallo za ta ƙarar mini da dawa!" Awarwaronta suka yi ƙara.

Alhaji ya sunkuyar da kai yana mata addu'a. Baffa Injiniya ya shiga ɓare salatif ɗin da farce, a hankali, bai kalli kowa ba. Baba bai kashe ba har ta gama da akuyar ta dawo tana cewa in riƙa cin abinci. Sannan ya ciro kaset ɗin ya miƙo mini da hannu biyu.

"Me ya hana ki faɗa, uwata?"

Na karɓi kaset ɗina. Me zan ce? Wata da watanni ba a jin komai a gidan nan sai sanata.

Alhaji ya tafi Jidda ba kaset, sai saƙon baki. Aka yi zaɓe, garin tasha ya sake ɗauka. Ranar Alhamis ta gaba ina bayan ƙofa da tire na ji Baba yana cewa da saƙonsa ya isa da muryarsa, da labari ya sha bamban. Sai da na ciji leɓe.

Kaset ɗin yana wurina har yanzu. Addu'ar ta tafi, "takwarata" ma ta tafi. Duk ranar da nake son jin Kaka, dole in fara bi ta kan jamhuriya ta biyu, da sojoji, da Baffa yana cewa ba a ƙirga wanda aka kora, kafin a ji ƙwas, ta fito tana korar akuya.